Minti Ashirin da Biyar Daga Kano Zuwa Dutse

A daminar da kogin Haɗeja ya haura jinga ya malale gonakin gabas, macizai sun rasa ramukansu, sai suka koma duk wani ɗan tudu da mutum yake sa ƙafa. Malam Shu'ibu manomin shinkafa ne a fadamar da ke kan hanyar Baturiya. Wata safiya, bayan sallar asuba, ya fita ya dubo abin da ruwa ya rage masa, yana takawa a kan kunya cikin silifas, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Kafin 'yan uwansa manoma su ɗauko shi a bayan babur su kai shi wani ƙaramin asibiti a cikin gari, ƙafar ta soma hawa, dasashinsa kuma ya fara tsattsafo da jini.

Ƙanwarsa Ummussalma tana kasuwar kifi tana sa a ɗaure mata kwalayen banda lokacin da aka kira ta. Mace ce doguwa mai kaifin harshe, wadda masunta da direbobi duk suke shakkar a yi musu da ita. Ta bar kwalayen a buɗe, ta yafa mayafi, ta tare ɗan acaɓa.

Ta tarar da mahaifiyarsu, Iya, zaune a dandamalin asibitin tana jan carbi, Rahmatu matar Shu'ibu kuma na tsaye tana kuka ba sauti. Likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce allurar dafin macijin da suke da ita ta ƙare tun makon jiya, domin kullum sai an kawo wanda maciji ya sara, kuma ya bincika wuraren da ya sani a kusa babu. Zai ɗaura masa ruwa, a nemo masu ba da jini, amma maganin gaskiya yana Kano, kuma kowace awa aka ɓata, dafin ne ya ci riba.

"Ai muna da mutum a Kano," in ji Iya, fuskarta ta ɗan washe. "A kira Auta."

Ummussalma ta ciro waya.

Autan nan shi ne Abdulmannan. Ya kusa shekara arba'in, amma a wajen Iya har yanzu jiya aka yaye shi. A Kano yake aiki wurin wani ɗan kwangila, Alhaji Ja'afaru, kuma in ya zo gida yakan ce shi ne mataimaki na musamman. Ummussalma ta taɓa zuwa ta ga aikin da idonta: riƙe jaka, riƙe waya, buɗe ƙofar mota, da yin dariya in oga ya yi abin da ya ɗauka barkwanci ne. Tun yana yaro haka yake. In aka aike shi ɗebo ruwa sai ya tsaya neman tulun da ya fi kyau. Bai taɓa shuka ko tsaba guda ba, amma in ana hirar noma a zaure shi ke gyara wa Shu'ibu zance, yana cewa a ƙasashen da suka ci gaba ba haka ake yi ba, alhali iyakar ƙasar da ya taɓa zuwa Maraɗi ce.

Sai dai a ba shi haƙƙinsa, ya san mutane. Hantsi bai gama duban ludayi ba ya kira ya ce ya samu kwalaben allurar ta hannun wani mai sayar da magani abokin ogansa, suna cikin kular sanyi da ƙanƙara a gabansa.

"Alhamdu lillahi," in ji Ummussalma, har ranta ta ji sanyi. "Allah Ya yi maka albarka. Maza ka kai tashar 'Yankaba ka ba motar farko mai zuwa Haɗeja. Ko wane direba ne, ka ce saƙon Ummussalma mai banda ne. Ko kuma ka shigo motar da kanka. Kafin azahar kana nan."

Sai ta ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda yake yi in zai koya wa jahili karatu.

"Yaya ke nan. Mota? Magani mai tsada irin wannan, mai son sanyi, in danƙa wa direban tasha ya cusa shi ƙarƙashin buhun albasa, ya yi ta gararamba awa uku a rana? Ai Allah Ya riga Ya kawo sauƙi. Oga yana da taro a Dutse yau, ya yi shatar ƙaramin jirgi, kuma ya ce in shiga. Kin san nisan filin jirgin Kano da na Dutse ta sama? Ko kilomita ɗari ba ta cika ba. Minti ashirin da biyar, Yaya. Kafin ki gama cin goro mun sauka."

"To, in kun sauka a Dutse, Shu'ibu a Dutse yake?"

"Sai ku turo mota ta karɓa."

"Kai Mannan, ka saurare ni. Daga Dutse zuwa nan kusan tafiyar da ke tsakanin Kano da nan ce, ga ruwa ya ɓata hanya. Motar da za mu turo sai ta je ta dawo. Ina hankali a nan?"

"Matsalarku ke nan mutanen gida, ba ku san darajar lokaci ba. Ku tashi yanzu, muna sauka kuna isowa."

"Yaushe jirgin zai tashi?"

"Yanzun nan. Oga na shiryawa."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa abin da ya dace da shi, sai Iya ta miƙo hannu ta karɓe wayar. Tsohuwar ta saurara, tana gyaɗa kai, idonta ya ciko da hawaye.

"A jirgin sama? Saboda ɗan uwanka? Allah Ya raya ka, Auta." Ta juyo ga Ummussalma. "Ke kuma ki bar masa musu. Yaro ya samo jirgi, kina kiran tasha. Ki nemi mota ki tafi."

Ummussalma ta fita bayan ginin ta kira Zinariya, wata ƙawarta da take sayar mata da kifi a Kano, ta roƙe ta ta zagaya shagunan magani ko za a dace da wata allurar a sako a mota. Ta sake kiran Abdulmannan don ta gwada lallashi, tun da faɗa bai yi ba, bai ɗauka ba. Ta tsaya tana duban wayar kamar ta buga ta da ƙasa. Maganin yana hannunsa, ita kuma hannunta ba ya kaiwa Kano.

Safiyanu, direban da ke kai mata kaya kasuwanni, shi ya zo da tsohuwar motarsa mai warin hayaƙin banda. Suka kama hanya. Dama da hagu ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, kawunan dawa na leƙowa daga ciki, mutane sun kafa bukkokin leda a gefen kwalta da awakinsu. A wani wuri ruwa ya cinye rabin titi, sai da samari suka shiga gaba suna nuna inda za a taka.

Da suka kai mahaɗar Gujungu, inda za su karya su nufi Jahun, wata motar haya ta fito daga ɓangaren Kano ta wuce su a guje, ta nufi Haɗeja. Ummussalma ta san direban. Ta bi motar da kallo har ta ɓace.

"Waccan da hantsi ta baro 'Yankaba," in ji Safiyanu, ba tare da ya dube ta ba.

"Na sani. Ja mu je."

Ana kiran azahar suka isa filin jirgin saman Dutse. Wuri ne fili fetal, shiru, sai balbelu a cikin ciyawa da masu gadi a ƙarƙashin inuwa. Babu jirgi, babu alamarsa. Abin da suka tarar a wajen ajiye motoci shi ne wasu samari uku da manyan kaya, ɗaya na rataye da kyamara. Da suka ji ta ambaci sunan Abdulmannan sai suka taso da fara'a, suka ce ai shi ya turo su tun safe, su ɗauki saukarsa.

"Tun safe," in ji ta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ashe kafin ma ya kira ta ya ce ya samu magani, ya riga ya tanadi mai hoto.

Ta kira shi. Wannan karon ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Muna filin jirgi, Yaya, a ɗakin manyan baƙi. Oga ya ɗan tsaya ganin wasu mutane a gida, yana hanya. Da ya iso, minti ashirin da biyar ne kawai."

"Ka fito daga nan ka hau mota."

"Haba, yanzu kuma? Bayan an rubuta sunana?"

Ta kashe wayar. Ta yi alwala da ruwan leda ta yi salla a gefen mota. Zinariya ta kira ta ce ta zaga har Sabon Gari, wani shago ya ce sai gobe, wani kuma ya nuna mata wata kwalba da ba ta yarda da ita ba. Rahmatu ta kira ta ce fitsarin Shu'ibu ya koma ja, ƙafar ta kai gwiwa da kumburi, maƙwabta biyu sun ba da jini. Daga bayanta Ummussalma na jiyo muryar Iya tana tambaya ko jirgin ya sauka.

Rana ta karkata. Samarin nan suka sayo gyaɗa suna ci suna gardamar ko jirgin mai farfela ne. Ummussalma ta zauna a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, tana kallon sararin yamma. Ta tuna ranar da mahaifinsu ya rasu, Shu'ibu ya bar makaranta ya koma fadama don wannan autan ya yi karatu. Ga abin da karatun ya haifar: ƙato zaune a ɗaki mai sanyi da ran ɗan uwansa a kan cinya, yana jiran wani ƙaton ya gama cin abinci.

Sai bayan la'asar suka ji ƙugi. Wani ɗan jirgi fari ya ɓullo, ya sauko, ya yi gudu kaɗan ya tsaya. Gaskiyar Abdulmannan, bai fi minti ashirin da biyar ba tun da ya turo saƙo cewa sun tashi.

Ta hango su ta shingen waya. Alhaji Ja'afaru ya fara saukowa da tumbinsa, mutum biyu na biye. Can sai ga Abdulmannan cikin farar shadda mai sitati, da baƙin tabarau, kula shuɗiya a hannu. Ya tsaya a kan matakala ya ɗaga kular sama kamar wanda ya ciyo kofi. Ya sauko. Sai ya duba ya ga mai hoton bai samu shiga ba, yana daga bayan shinge, ya miƙa wa wani ma'aikaci wayarsa, ya koma ya hau matakalar, ya sake saukowa a hankali.

Safiyanu ya yi salati.

Da Abdulmannan ya fito, ya nufo Ummussalma da hannuwa a buɗe, mai kyamara na tafe da baya-baya a gabansa.

"Yaya! Kin gani ko? Ko shayi ban gama sha ba muka—"

Ta fizge kular. Ta buɗe. Ƙanƙarar ta narke saura 'yan ƙanana suna yawo a ruwa, kwalaben dai na nan cikin leda, da sauran sanyinsu.

"Tsaya mana a ɗauke mu kina karɓa," in ji shi. "Don tarihi."

"Safiyanu, tada mota."

"Ni ma da ku zan tafi ai. Bari in yi wa oga sallama, in ya shiga mota. Minti biyar."

Ta rufe ƙofa. Suka bar shi tsaye da 'yan hotonsa. A Kiyawa ta sa aka tsaya ta sayi ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, daga nan ba su ƙara tsayawa ba. Safiyanu ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba, motar na kuka kamar za ta rabu biyu, ita kuma ta rungume kular a ƙirji, ruwan sanyi na jiƙa mata zani. Ana shirin kiran magariba suka shiga Haɗeja.

Allurar ta yi aiki. Washegari jinin ya tsaya, bayan kwana biyu Shu'ibu ya buɗe ido ya nemi kunu. Amma ƙafar ta riga ta tafi. Naman sawun ya yi baƙi ya soma wari, aka mayar da shi babban asibiti, a can aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ummussalma ta tare likitan farko a baranda ta tambaye shi, tsakaninsa da Allah, da maganin ya iso da azahar fa? Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa, amma da ya fi son hakan ƙwarai.

Abdulmannan ya iso gari washegarin ranar da abin ya faru, a motar haya, domin jirgin ya koma Kano da oga ba tare da an neme shi ba. Wannan bai shiga cikin labarin ba. Abin da ya shiga shi ne bidiyon saukowarsa daga matakala, wanda aka haɗa da kiɗa, aka rubuta a ƙasa cewa ɗan halak ya yi shatar jirgi don ceton ran yayansa. Kafin mako ya zagayo babu wayar da bai shiga ba a unguwar. Masu zuwa dubiya sukan gaida Shu'ibu a gurguje, su juya wajen Abdulmannan su riƙe hannunsa da hannu biyu. Wani dattijo ya ce a zamanin nan samun ɗan uwa irin wannan sai an tona. Matasa suka laƙaba masa Mai Jirgi, har wasu suka fara cewa irinsa ake so ya fito takara.

Shi kuwa ya zauna a kan tabarma yana amsawa da tawali'un ƙarya, yana ba da labarin yadda gizagizai suke daga sama, da yadda ambaliyar take kamar faranti in ka leƙo ta taga. Kowa ya zo sai ya ji nisan Kano da Dutse, da yawan mintocin. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ƙarfe nawa suka tashi. Ummussalma ta fi jin haushin wannan a kan komai. Mutanen da suka san hanyar Kano kamar tafin hannunsu, waɗanda suke zuwa su dawo a yini guda, sun ji kalmar jirgi sun ajiye lissafinsu a ƙofar gida tare da takalma.

Iya ce kan gaba. Duk matar da ta shigo sai ta ce mata, "Ba don Auta ba da yanzu muna zaman makoki."

Ranar da aka sallamo Shu'ibu, Ummussalma ta samu autan shi kaɗai a zaure yana duba masu yaba masa a waya.

"Mannan, ka san ƙafar nan a ɗakin manyan baƙi ka bar ta?"

Ya ɗago, da mamaki na gaske a fuskarsa. "Subhanallahi. Yaya, ƙaddara fa? Da na ba direba motar ta lalace a hanya, me za ki ce? Da an yi haɗari? Ni na zaɓi hanyar da ta fi sauri a duniya. Jinkirin oga kuma ba laifina ba ne."

"Da ka ga ya yi jinkiri me ya hana ka fita?"

"In bar oga a filin jirgi? Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Ta tsaya tana dubansa. Ta zo da shirin ta ga kunya, ko ta borin kunya ce, don ta samu abin kamawa. Ba ta ga komai ba. Mutumin ya gaskata bidiyonsa. Sai ta ji faɗan ma ya fita daga ranta, kamar wanda ya ɗaga sanda zai doki kare ya tarar tsumma ne.

Da yamma ta shiga wajen Shu'ibu. Yana kishingiɗe, dungulmin na kan matashi, yana sauraron rediyo. Ta zauna ta fara ba shi labarin yinin nan tun daga farko, ya ɗaga hannu.

"Safiyanu ya faɗa mini."

"To, shi ne ka bari yana zaune a ƙofar gidanka ana shafa masa kai?"

"Me zan yi, in karɓo ƙafar daga wajensa?" Ya rage muryar rediyon. "Iya ta tsufa, Salma. Ɗa guda ya zama gurgu. Ki bar mata ɗayan yadda take ganinsa. Ni abin da ke raina shi ne wanda zai shiga fadama in ruwa ya janye."

Ta ce mijinta ya yi magana da mutum biyu, za su dasa masa shinkafar rani, a raba. Suka yi shawarar iri da injin ban ruwa har aka kira salla. Ba ta yi masa alkawarin yin shiru ba, amma ba ta ƙara tayar da zancen a gaban Iya ba.

Bayan kwana biyu da sallamar, Abdulmannan ya ce aiki na kiransa. Da safe ya yi sallama da Iya, ta yi ta sa masa albarka har da ƙulla masa yaji da kuka. Ya leƙa ya ce wa Shu'ibu ya kwantar da hankalinsa, zai yi wa oga maganar ƙafar roba daga waje. Sannan ya fito tsakar gida, inda Ummussalma ke durƙushe tana shanya zannuwan gadon majinyacin a kan tabarma, domin igiya ta cika. Ya tsaya a kanta da jakarsa, yana ƙamshin turare.

"Yaya, zan koma."

Ba ta ɗago ba.

"Na ce zan koma. Ba saƙo?"

Ta kama gefen zanin ta ja shi ya miƙe, ta ɗora dutse a kusurwa.

"Matsa," in ji ta. "Kana tare mini rana."

Ya ɗan tsaya, ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya gyara hula ya fita. Ta ji yaran unguwa sun bi shi suna kiran Mai Jirgi har bakin titi. Ta ɗauki bokiti ta koma bakin rijiya, akwai sauran wanki.